Numfashina a Lasifika

Ni ne ladanin masallacin unguwarmu, a wani ƙauye gabas da Ɗanbatta. Mahaifina ne ke yi, da ya rasu aka ce in ci gaba. Karatuna bai yi nisa ba, na allo da na boko duka. Noma nake, gero da gyaɗa. Murya ce kaɗai abin da Allah ya ba ni fiye da wasu, ita ce kuma ta nemi kuɓuce mini.

Cutar asma tun ina saurayi nake da ita, na saba da abata. In ƙirji ya riƙe sai in zagaya bayan rumbu in fesa maganin nan na baki, in mayar aljihu, ba wanda ya gani. Daga baya hanci ya shigo. Mura ta zo ta ƙi tafiya. Goshi nauyi, ƙasan idanu ciwo, in na yi sujada kamar fuskar za ta zubo. Majina ta yi kauri, ga wari, ni kaina ina ji. Na lura na kusa da ni a sahu yana ɗan kau da kai, sai na koma tsayawa jikin bango. Kuma duk sa'ad da hancin ya toshe, ba a jimawa ƙirji zai biyo. Ban taɓa haɗa su ba.

Wata la'asar, lokacin cirar gyaɗa, na wuni ina ɗaure harawa, na zo na kunna lasifika. Na yi kabbara, na kai shahada, numfashi ya tsaya. Na ja, ya ƙi. Abin da gari ya ji shi ne fiton ƙirjina, sai tari, sai kaki. Na manta ban kashe ba. Na ciro maganin na fesa, shi ma aka ji. Mata a cikin gidaje sun ji, masu shayi a bakin titi sun ji. Maƙwabcina mai faskare ne ya shigo ya ƙarasa kiran, ni ina durƙushe.

Washegari a majalisa wani abokin wasana ya ce shi jiya ya ɗauka injin markaɗe aka tayar a masallaci. Aka yi dariya, ni ma na yi, me zan ce? Liman bai yi ba. Ya ja ni gefe.

"Malam, ka huta tukuna. In ka samu sauƙi, abinka ne."

Matata ce ta tisa ni gaba zuwa asibiti. Ma'aikaciyar da ta duba ni sa'ar 'yata ce. Na ce mata ƙirji ne kawai. Ta ji yadda nake magana ta hanci, sai ta tambaye ni launin majinata, da ko tana wari. Na sunkuyar da kai. Namiji da furfura, a gaban yarinya. Matata ce ta amsa mata, ba ta rage komai ba.

"Baba, hanci da ƙirji hanya ɗaya ce," in ji ta. "Muddin saman na kumbure, ƙasan ba zai bar ka ba."

Ta ce akwai ramuka a ƙashin fuska, nawa sun cika sun ruɓe. Ta ba ni ƙwayoyi ta ce in shanye ko na ji sauƙi, da maganin fesawa a hanci, da wani na ƙirji da zan riƙa shaƙa kullum ko lafiyata ƙalau. Ta ce in tafasa ruwa da ɗan gishiri, ya huce, in riƙa wanke hanci, in rufe baki da hanci da takunkumi in zan taɓa harawa. Na yi duka. Takunkumin a gona ma sai da aka yi mini tsiya a kansa.

Warin ya tafi, ƙirjin ya lafa. Na koma wa Liman, ya mayar mini da kiran, ban da na asuba. Ya ce sanyin safiya na tayar mini da tari, kada mu sake gwadawa a lasifika. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ban yi musu ba. Asuba kuwa ita aka san mahaifina da ita.

Yanzu kullum da asuba ina tsugune a tsakar gida da butar ruwan gishiri, ina sauraron kiran mai faskare. Muryarsa ba daɗi, amma tana kaiwa ƙarshe.