Sunan da Muka Hana Buwakam

Shekara takwas ke nan da rasuwar maƙwabciyata kuma aminiyata Buwakam, amma har yau in na tuna yadda ta tafi sai raina ya ɓaci. Makon jiya a wajen wani suna a Lewisham, nan London, wata ta dafa ni ta ce, "Allah sarki Maman Aisha, ina ɗan 'yar Chanar nan taki?" Wallahi sai da abinci ya fita kaina.

Buwakam ba 'yar Chana ba ce. Daga Laos ta zo, ƙasar da ke tsakanin Thailand da Vietnam. Mutanenta Lao ake ce musu, yarensu ma Lao. Ta faɗa, ta maimaita, har ta gaji. Ƙofarmu na kallon tata a Dagenham, kuma abinci ne ya haɗa mu. Shinkafa mai danƙo take turarawa a ɗan kwandon saƙa, ta gutsura da hannu, ta dunƙula loma, ta dangwala a yaji kamar mai cin tuwo. Ranar da na fara gani na ce, ke ai tamu ce! Duk wani taronmu tana tsakiyar kicin, amma matanmu ba su taɓa riƙe sunan ƙasarta ba. A wajensu duk mai ƙananan idanu ɗan Chana ne, shi ke nan.

Da shanyewar ɓarin jiki ta kama ta, Turancin ya gudu, sai yaren uwarta ya rage a bakinta. Ɗanta tilo, Somsak, yana Kanada, ya kamo hanya. Asibiti suka yi booking ɗin tafinta mai jin Lao ta waya. Ina wajen aiki, wata Hajiya cikinmu, mai son taimako, ta je dubiya ta ce wa nas a bar wahala, ita tana da mutum. Aka yi cancel ɗin tafintan. Ta ɗauko wata abokiyar aikinta 'yar Chana.

Yinin ranar Buwakam ta yi ta magana, tana riƙe da hannun baƙuwar, tana nanata abu ɗaya. Baiwar Allah ko kalma ba ta gane ba. Kafin in iso bakin Buwakam ya rufe, kafin jirgin Somsak ya sauka ta cika. Da na tuhumi Hajiya sai ta ce, "To ni ina na sani? Ba duk ɗaya ba ne?"

Duk ɗaya? Haba jama'a! Mu ne fa muke kumfar baki in Bature ya tambaye mu ko muna jin "yaren Afirka". Mu ne muke tsayawa a ofishin council muna gyara wa ma'aikaci cewa Hausa daban, Yarbanci daban. Da Buwakam za ta leƙo yau ta ji har 'ya'yanmu haihuwar London sun gaji wannan sunan na 'yar Chana daga bakinmu, na san dariyar nan tata za ta yi, ta girgiza kai. Ita mai haƙuri ce. Ni ban kai ta ba.

Kwandonta yana kicin ɗina, ina turara shinkafa a ciki, jikokina kuma sun san abincin Lao ne, don ba na bari a kira shi da wani suna. Abin da ya rage min ke nan, sai wayar Somsak. Duk shekara rana irin ta yau, ranar da ta rasu, sai ya kira, mu gaisa, ya tambayi yara. Daga nan ya ce, "Anti, ko kalma ɗaya ba wanda ya riƙe?"

Ɗazu ma ya kira. Na ce masa babu.