Sundus da Shahon Baba Muldi

Ƙanwata Sundus tun tana ƙarama ba ta tsoron farcen tsuntsu. Yara na gudun shahon Babanmu Muldi, ita kuwa tana tsugune tana kallon yadda yake figar salwa. Da ta girma ta samu aiki a gidan jinyar tsuntsaye da ke bayan garinmu Hawariya, inda ake ajiye waɗanda ba za su ƙara tashi ba, irin su gaggafa mai ido ɗaya da mujiyoyin da mota ta buge. Ita ce yankan nama, ita ce wankin keji, hannu duk tabo. Ummi kan ce wa zai auri mai warin mujiya, Sundus ta ce ai mujiyar ba ta taɓa ƙorafin nata warin ba.

To bana abin ya zo har gida. A garinmu kowa ya sani, shahon da ka kama a ƙarshen sanyi aro ne. Ka yi farautar salwa da shi, zafi na shigowa ka hau dutse ka kwance masa igiyar ƙafa, ya bi 'yan uwansa. Wanda ya riƙe nasa, ko a wurin mai shayi ba a matsa masa kujera. Sai ga shahon Baba ya daki wayar wuta, fiffike ya karye, ya warke a karkace.

Ranar saki Baba ya ɗauke shi zai hau dutse. Sundus ta tare ƙofa. Ta ce in ya ajiye shi can, kafin la'asar dila ya gama da shi. Baba ya ce kakansa bai taɓa cin aro ba, ba kuwa a kansa za a fara ba.

"Baba, mai aron cewa ya yi a kai wa dila?"

"Ke 'yar nan, ni za ki koya wa shaho? Ina riƙe su tun uwarki na wasan ƙasa."

Ko gezau ba ta yi ba. Abokinsa Si Hamadi na waje yana tsokana, wai ga Muldi 'yar cikinsa ta kama shi ba tarko. Can Baba ya miƙa mata tsuntsun ya shige ɗaki, ranar ko kuskus bai taɓa ba.

Ashe da sauran aiki. A gidan jinya shaho ya ƙi ci. Ta ba shi hanta, ta ba shi salwa da ɗuminta, ya kau da kai. Ƙirjinsa ya rame har ƙashi ya fito kamar bakin wuƙa. Sai ta tuna tun kama shi a hannun Baba kaɗai yake ci, da fitonsa.

Ba ta roƙa ba. Ta dawo gida, ta ɗauko safar hannunsa ta fata ta ajiye kusa da kofin shayinsa.

"Na hana dila, yunwa za ta ɗauka," in ji ta. "Kai yake jira."

Da safe sai ga Baba, wai wucewa yake yi. Ya shiga babban kejin, ya miƙa hannu, ya yi fito. Shaho ya yi tsalle da fiffikensa karkatacce ya dafe safar, ya shiga fizgar nama kamar zai haɗa da yatsa. Baba ya bari ya ƙoshi, sannan ya kwance masa igiyar ƙafa a nan cikin kejin, ya sa a aljihu.

Yanzu shahon ya murmure, wallahi har ƙiba ya yi. Baba kuma kullum yana can, suna faɗa da Sundus wai tana yanka naman da kauri.