Zaren Yaya Dela

Yayata Dela a Jidda aka haife ta, shekara biyu bayan iyayenmu sun iso da ƙafa ta hanyar Sudan. Ba ta yi karatu ba. Wanki ta iya, kuma da shi ta riƙe 'ya'yanta huɗu a unguwar Mahjar bayan rasuwar mijinta.

Wajen 1974 ta samu wankin gidajen Turawan da ke aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa, ni kuma Usuman ina gadin ƙofa a nan. Gida goma sha biyu ne, kusan kowa farar riga yake sawa. Yadda take rabe su shi ne ta ɗinka ɗan zare a cikin wuyan riga: ja na wannan gida, kore na wancan, ƙulli biyu na maigida. Ba ta taɓa kai wa wani rigar wani ba.

Akwai wata mata a cikinsu, Nula, 'yar ƙasar Ailan, mai son zama wurin shanya suna hira da gutsuren Larabci. Ita ta gaya wa Dela suna da nasu harshen ban da Turanci, an so a raba su da shi sun ƙi. Ta ce in za su ce "da ni", "lum" suke cewa, amma in mutum ya tsaya da ƙafarsa, yana nufin ni ɗin nan ba wani ba, sai ya ƙara masa wutsiya: "lumsa". Dela ta ɗauke kalmar nan ta kai gida. Ko a kan tukunya aka yi musu sai ka ji ta.

Sai kamfanin Turawan ya kawo injin wanki, aka ɗora wani Hamad a kan wurin. Shi ba ya magana da mace, ni yake aike. Ya ce in gaya mata a cire zaren nan na ƙauye, lamba za a rubuta da tawada, in ba ta so ta tafi, halas, magana ta ƙare.

Ta ɗau mayafi ta same shi, ina biye da ita.

"Ya Hamad, Usuman ne ke wankin? Ƙofa yake tsaro. Da ni za ka yi magana. Lumsa!"

Ya dube ni ya ce, "Me take cewa?" Ya sa aka tsinke zaren duka. Ita kuwa ta ƙi tafiya, ta kawo tabarma ta zauna bakin ƙofar wurin wankin.

Kwana na uku ruwan zafi ya cinye tawadar. Riguna sittin farare sol, ba a san ta kowa ba, ga Turawa na ta aiko.

Hamad ya fito yana gumi. "Usuman, ka ce wa yayarka…"

Ba ta ko ɗaga kai ba, tana ɓare gyaɗarta. Ya matsa gabanta. Can ya kira ta inna da Larabci, ya ce, "Khala Dela, don Allah."

"Yanzu ka ga hanya. Yalla, matsa."

Ta bi rigunan ɗaya bayan ɗaya. Wannan ta mai shan lofe ce, ga ƙunar toka. Wannan ta mijin Nula, kullum gwiwar hannun hagu ke ci. Kafin la'asar ta gama, ta zaro allura daga gefen mayafi ta miƙa wa Hamad jan zare ya riƙe mata.

Shekara biyar ta ƙara a wurin, har aikin tashar ya ƙare.