Wanda Aka Haifa a Tsakiyar Kogi

A unguwar Misfala ta Makka na tashi, cikin rumfunan kwano da ke jingine da dutse. Da an sallame magariba, Kaka Ladi, wadda ta haifi babana, za ta jawo murhun gawayi ta ɗora shayi, mu zagaye ta. Daga Katsina ta tako da ƙafa, shekara bakwai a hanya. A cikin jirgin ruwa, tsakanin Sawakin da Jidda, ta haifi babanmu.

"Yalla, ku matso," in ji ta. "Kai maigida, rufe bakin nan, ga tatsuniya nan ta iso." Ni ne maigidan, kuma ni ne sarkin surutu.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta wani mutum ce da uwarsa ta haife shi a kwalekwale. A garuruwan gaɓar kogin, kamar yadda ake yi a Katsina, inda aka binne mabiyiyar jariri nan ne garinsu. Tasa kuwa ruwa ya tafi da ita. Da ya girma, mutanen gabas suka ce ɗan yamma ne, na yamma suka ce ɗan gabas ne. Sai ya zama mai fito. Kowa ya san sunansa, kowa yana gaishe shi, har abincin suna ake aiko masa. Amma ranar da ya nemi fili ya kafa ɗaki, sai dattawa suka ce, "Nuna mana inda aka binne taka."

A nan take tsayawa kullum. Abin yana ba ni haushi ƙwarai.

"To Kaka, da ya mutu ina aka binne shi?"

"Wa ya ce maka ya mutu, ya waladi, yarona? Yana nan yana tuƙi. Halas, ya isa haka, miƙo kofinka."

Ban lura ba a lokacin cewa in ta zo wurin nan babana yakan tashi ya fita. Sau nawa ya je neman takardar zama ɗan ƙasa, ana tambayarsa inda aka haife shi, yana cewa a teku.

Yau shekarata hamsin a Ingila. Ina da fasfonsu, ina jefa ƙuri'a, jikokina da Turanci suke faɗa da juna. Maƙwabtana mutanen kirki ne, ban ɓoye ba. Amma duk lokacin da wani Musulmi ya yi ɓarna a wata uwa duniya, sai an zo ƙofar masallacinmu a tambaye mu wace gaɓa muke. A Makka Takari nake. Da na je Katsina, 'yan'uwa suka yi ta dariyar Hausata, suna ce mini Balarabe. Na gaji, wallahi na gaji da amsa tambayar nan.

Makon jiya 'yata Zainab ta zo da wata takarda daga kwamitin jana'iza na masallaci. Ana so kowane tsoho ya rubuta nufinsa: a binne shi nan, ko a mayar da shi gida.

"Baba, me zan rubuta?"

Na daɗe ina kallon kalmar gida. Na ji ƙanshin gawayin Misfala, na ga bayan babana yana fita.

"Ajiye ta tukuna," na ce mata. "Har yanzu tuƙi nake."