Tsakuwa a Miyar Baba

A daminar 1984, ranar wata Asabar, na dawo daga layin famfo na Kakuri da bokiti na huɗu, wuyana kamar zai karye, na tarar Mama ta ajiye mini faifan wake a bakin ƙofar ɗakinmu na haya. Shekarata goma sha biyu a lokacin. Baba, wanda yake aiki a masaƙa, ya kwana tara a kwance da taifot, kuma duk abin da aka kai masa sai ya kau da kai. An riga an aiko daga wurin aiki cewa idan bai bayyana ranar Litinin ba, za a ba wani injinsa. Nas ɗin da ta duba shi ta ce a yi masa miyar wake mai ruwa-ruwa da alayyahu, babu kanwa, gishiri kaɗan. Amma fa sai ya ci kafin ya tashi.

Mama a hannun 'yan mishan ta koyi girki, dokarta kuwa ba ta da sassauci: "Wake sau uku ake tsince shi, Rahila." Na tsince sau ɗaya, idona yana rufewa don gajiya. Da ta tambaya daga bakin risho, na ce uku. Muka jiƙa shi, muka murje. Ɓawon ya taso ya bi ruwa, amma tsakuwa a ƙasa take zama tare da waken, ban kuwa manta da haka ba. Ta dafa shi har ya narke, ta sa albasa da kabewa da ɗan daddawa. Alayyahun sai da ta kusa saukewa ta zuba, don kada korensa ya mutu.

Ni na kai masa. Ya yi addu'a, ya sha cokali ɗaya, ya sha na biyu. A na uku na ji ƙas! Na san idan ya tofar, ba zai ƙara ba. Mama ta leƙo ta ce, "Lafiya, Baban Rahila?" Ya ce, "Lafiya lau. A ƙaro mini." Ya shanye kwano biyu, gumi yana tsattsafo masa. Bayan ta koma, ya jawo hannuna, ya sa mini tsakuwar, 'yar ƙarama kamar ƙwayar dawa, ya naɗe yatsuna a kanta. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya rasu. Ranar Litinin ɗin kuwa, kafin jiniyar masaƙa ta yi kuka, ya fita yana dafa bango.

Yau masaƙar a rufe take, ciyawa ta cinye ƙofarta. Wake a leda ake sayar da shi, wai tsintacce, jikokina kuma sukan ce, "Kaka, ai babu dutse a ciki." Idona ya yi rauni, bayana baya jure dogon zama, kuma gaskiya na gaji da tsintar wake. Duk da haka nakan sa tabarau in jawo faifai. Har yau sau uku nake yi.