Lambar Mai Burodi

Shagon Mai Agogo bai fi taku uku ba. Yana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin mai walda da wata mai sayar da zare. In ka leƙa za ka ga tebur mai gilashi, a ciki agogunan da masu su suka manta da su, ga hantsaki, ga ƙananan sukudireba tsaye cikin gwangwanin madara, ga shi kansa a sunkuye da gilashin ido ɗaya maƙale a fuska. Amma rabin teburin ba na agogo ba ne. Wani baƙin rediyo ne mai hannu ya mamaye shi, da siririyar waya da ta fita daga bayansa ta bi taga ta haye har rufin benen.

Tun yana saurayi ya kamu da sauraron gajeren zango, layin nan da ke kawo tashoshin ƙasashen nesa. Wasu labarai suke nema, shi kuwa farautar tashoshi yake yi. Ko yaren da bai san ko "sannu" a cikinsa ba, zai zauna ya ji har sai sun faɗi sunan tasharsu, sannan ya ɗiga fensir a kan takardar da ya manna a jikin gilashin allurar rediyon. Yana da littafi mai baƙin bango da yake rubuta rana, da lokaci, da mita, da ƙarfin murya daga ɗaya zuwa biyar. Sai ya kwafe wannan a wasiƙa ya aika wa tashar, su kuma su aiko masa da katin godiya mai hoton gada ko dutse. Katunan sun rufe bangon shagon kaf. Marigayiya matarsa takan ce mijinta ya san inda ake ruwa a ƙasashe goma, amma bai san rufin ɗakinsu na yoyo ba.

Mutum ne mai sanyin hali, sai dai a kan abu ɗaya ba ya wasa. Muryar gajeren zango ba ta zama wuri ɗaya, takan nutse cikin shuuu, ta jima kaɗan, ta taso. Wanda bai sani ba sai ya yi wuf ya murɗa. Mai Agogo ya buge hannun 'ya'yansa duka biyar a kan haka, har da na baƙi.

"In ta nutse kada ka taɓa," haka yake cewa. "Ƙirga biyar kawai. Tana nan, ba inda ta je."

Cikin duk tashoshin akwai ɗaya da ya fi so, wadda ke da shiri a harshenmu, kuma duk Asabar da ƙarfe huɗu da rabi na yamma take karanta wasiƙun masu sauraro. A nan ya sami abokinsa, kuma da faɗa suka fara. Wani mai sa hannu da sunan Mai Burodi, daga wani babban birni da sai an tsallaka iyaka biyu, ya rubuta cewa tashar ta fi fita a mita goma sha tara. Mai Agogo ya ji abin kamar an zage shi. Ya rubuta cewa mita ashirin da biyar ce, kuma mai wancan magana ya je ya kakkaɓe fulawar da ke kunnensa. Bayan wata guda amsa ta zo ta bakin mai karanta wasiƙu: Mai Burodi ya ce mutumin da ya wuni yana kallon duniya da ido ɗaya ba shi zai gaya masa gaskiya ba. Mai Agogo ya yi dariya har gilashin idonsa ya faɗo.

Shekara talatin da huɗu suka yi a haka. Gaisuwa ta tafi, ta yi wata kafin ta dawo. Ya san lokacin da tandar Mai Burodi ta tsage, ya san ranar da ya aurar da babbar 'yarsa. Da matar Mai Agogo ta rasu, mutane sun zo sun yi gaisuwa sun watse, bai zubar da hawaye ba. Sai bayan mako shida, yana tsaka da gyaran wani agogon bango, ya ji an karanta ta'aziyyar Mai Burodi, layi uku kacal. Ya ajiye hantsaki ya kifa kai a kan tebur, mai zare ta ja masa ƙofa don kada masu wucewa su gani.

Ba su taɓa ganin juna ba, ba su san sunan juna na gaskiya ba. Tashar tana da doka, ba a karanta adireshi ko lambar waya a iska, su ma kuma ba su taɓa damuwa ba. Autarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta sha yi masa magana tun da wayoyi suka cika gari.

"Baba, ka roƙi mutanen nan su ba ka lambarsa mana. Ku riƙa jin muryar juna."

"Lambar me? Ga tasha nan. Ke in kin gaida ƙawarki a waya, wa ya ji? Mu kuwa duniya ce shaidarmu."

Sai ga wata Asabar mai karanta wasiƙun, wata mata mai muryar nan a hankali da ya saba da ita shekara goma sha biyu, ta ce tana da sanarwa. Za a rufe sashen nasu a ƙarshen wata, za a kuma kashe na'urorin gajeren zango gaba ɗaya. Saura shiri huɗu. Ta ce a shirin ƙarshe za ta ajiye doka, duk mai son ya bar wa wani lambarsa ya aiko.

Mai Agogo ya daɗe yana kallon rediyon. Ya ga tashoshi da yawa sun mutu, ɗigon fensir nawa ne a takardarsa da babu komai a ƙarƙashinsu yanzu sai iska. Amma bai taɓa kawo wa ransa cewa wannan ma za ta bi su ba, kuma sai a lokacin ya lura cewa duk abotar nan tasa a kan waya ɗaya take rataye.

Ranar Litinin ya rubuta wasiƙa da lambar Auta a ciki. Ta ce ya kawo ta tura ta waya, minti ɗaya ta isa. Ya sha kunu. Ya ce shekara talatin da huɗu mutanen nan sun san rubutun hannunsa, ba zai yi musu sallama da rubutun inji ba. Ya manna kan sarki ya kai gidan waya da ƙafarsa. Taurin kai dai, ba wani abu ba.

Ranar Asabar ta ƙarshe ya yi shiri irin na masu sanin abin. Ya sa sababbin batura. Ya lallaɓa ya hau rufi da gwiwoyinsa masu ciwo ya kankare tsatsar da ke bakin wayar eriya. Ya je wurin mai walda, wanda injinsa ke cika rediyo da ƙara, ya roƙe shi rabin awa.

"Haba Baba, ko awa biyu ce," in ji mai walda. Ya kashe injin, ya goge hannu, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

Auta ta zo daga asibiti ko farar rigar aiki ba ta cire ba. Ta fito da wayarta za ta ɗauki shirin.

"Kashe ta," in ji shi.

"Baba, ɗauka kawai zan yi, ko da wani abu zai wuce mu."

"Abin nan in ya matso kusa sai ki ji rediyo na ƙugi. Kashe ta ki sa a jaka. Ni da na rubuta tashoshi ɗari biyu da hannuna, lamba tara ce za ta gagare ni?"

Ta kashe. Har mai walda da mai zare sai da suka kashe nasu.

Muryar ta fito tas, ya rubuta huɗu a littafi. Matar ta yi ta karanta wasiƙu, wasu na godiya, wasu na kuka, wani ma na zagin manyan tashar. Mai Agogo yana jiran tasa. Minti goma, minti ashirin, ba a ambace shi ba. Ya gane ba ta isa ba. Auta ta kalle shi, ta kau da kai.

Saura minti huɗu matar ta ce, "Ga kuma ta tsohon abokinmu Mai Burodi." Ta ce ya ce ƙafa ta kwantar da shi, 'ya'ya ne ke riƙe da gidan burodin, shi yana ɗaki da waya a gefen matashi. Ya ce abu ɗaya yake so, ya ji muryar mutumin nan mai ido ɗaya, ya gaya masa baki da baki cewa mita goma sha tara ce ta fi. "To Mai Agogo, ɗauki alƙalami."

Alƙalamin na hannunsa tun tuni. Ta fara karantawa, yana bi. Bakwai, sifili, uku, uku, takwas. Sai muryar ta nutse.

Ba wani sabon abu ba ne. Nutsewar nan ce da ya ji sau dubbai, wadda ya koya wa yara su ƙirga mata biyar. Amma kafin ya ankara hannunsa ya kai ga abin murɗa tasha. Ɗan taɓawa ya yi niyya. Yatsun nan da ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ranar rawa suke yi. Allura ta zarce, wani kiɗa mai ƙarfi na wata tasha ya cika shagon. Ya mayar, ya wuce ta ɗaya gefen, wani mutum na magana da baƙon yare. Gumi ya shiga idonsa, ɗigon fensir ɗin ya ɓace masa cikin 'yan uwansa.

"Baba, bari! Bari haka!" in ji Auta.

Da ya samo ta, muryar ta fito fes, ta fi ɗazu kyau, kuma matar dariya take yi.

"Sau uku ke nan na karanta, Mai Agogo. In ba ka samu ba, to laifinka ne. Ka kira shi yau, yana jira."

Ta yi godiya, aka sa ɗan kiɗan tashar. Ƙarfe biyar daidai a duk agogunan shagon, aka kashe tashar. Babu wanda ya motsa. Mai walda ya ce shi kamar ya ji shida bayan takwas, mai zare ta ce a'a, ita ba ta ji komai ba. Mai Agogo yana kallon hannunsa na dama kamar na wani ne aka ara masa.

Auta ta yi iya ƙoƙarinta. A daren ta duba shafin sashen na intanet, an riga an sauke shi. Ta aika saƙo sau huɗu, amsa ɗaya ke dawowa, cewa wannan ofis ba ya aiki yanzu. Ta kira babban ofishin tashar, wani mutum mai ladabi ya ce ma'aikatan sun watse, kuma ko da takardun na nan ba sa ba da lambar kowa. Ta tambayi masu tafiya birnin Mai Burodi, suka ce gidajen burodi a can sun fi dubu, wanne take nufi? Bayan wata biyu wasiƙarsa ta dawo, ba a buɗe ba, an buga mata hatimi a fuska.

Lamba huɗu suka ɓace. Mai Agogo mutumin lissafi ne, ya san hakan na nufin lambobi dubu goma. Shekararsa saba'in da uku, abokin kuma ya girme shi, yana kwance. Duk da haka ya buɗe sabon shafi a littafin nan mai baƙin bango, ya fara daga sifili guda huɗu a jere. Duk ranar da Auta ta samu sarari sai ta zo ta danna masa uku ko huɗu. Wasu ba sa shiga. Wasu mata ne ke ɗauka, wasu su zage shi, wani ya ce shi direba ne amma yana son burodi. Kowacce ya ja mata layi da rula.

Ba rashin jin muryar ne ya fi cin sa ba. Ya gaya wa Auta wata rana, yana goge gilashin idonsa da bakin riga.

"Ya san ba na fashin shirin nan. Ya san na ji. To me zai ce? Ko dai na mutu, ko na ji na ƙi."

"Ba zai ce haka ba, Baba."

"Ni da haka zan ce."

Har yanzu yana buɗe shago, ko da yake agogon da ake kawo masa a mako bai fi biyu ba. Duk Asabar da huɗu da rabi mai walda kan kashe injinsa ba tare da an roƙe shi ba. Mai Agogo ya kunna rediyo, ya ɗora allura daidai kan ɗigon, shuuu ya cika shagon. Ran nan Auta ta gaji, ta ce masa, "Baba, don Allah kashe. Babu kowa a wurin nan."

"Akwai," in ji shi. "Na san halinsa, shi ma ya kunna. Sai dai yana can mita goma sha tara, mai taurin kan."

Ya sa hannayensa biyu tsakanin gwiwoyinsa ya matse, leɓunansa na motsi. Ya kai biyar, ya sake farawa daga ɗaya.