Iskar da Ta Shiga Motar Amarya

Duk wanda ya zauna a unguwar Nima a wancan zamani ya san ba a bi ta gaban garejin Kawu Tanko a wuce salin-alin. Cafke ka zai yi, ya ɗora ka a kujerar direba, ya shige ƙarƙashin mota, sai ka ji murya daga ƙasa: "Taka, taka, riƙe!" Ladanin unguwa ma bai tsira ba. Rannan azahar ta kusa ficewa yana can yana taka birki, Kawu ya ce ai ceton rai ma ibada ne.

Ni Ladi 'yar ƙanwarsa ce, ga ni da shegiyar tambaya. Na ce wai yaya ƙafar mutum ɗaya take tsayar da ƙafafun mota huɗu? Ai kuwa na jawo wa kaina, kokon da aka aike ni saye sai da ya huce. Ya ce in ka taka, mai kake turawa. Man ya bi bututu zuwa kowace ƙafa, ya buɗe takalman birki biyu da ke cikin gangar ƙafar, su kama ta daga ciki. Mai ɗan aike ne mai amana, ba ya matsuwa. Iska kuwa munafuka ce: ka taka ta lanƙwashe, ƙafarka ta nutse, mota tana tafiyarta.

To, da aurena ya zo, Alhaji Mamman mai albasa, mutumin Nijar, ya ba da babbar motarsa a kai ni Koforidua, hanyar nan mai hawa da gangara ta dutsen Aburi. Kawu ya taka birkin sau ɗaya ya ce akwai iska a ciki, a kawo masa motar gareji. Alhaji ya yi salati, bai zame ko'ina ba sai gidan malami. Aka yi rubutu, aka wanke allo, Alhaji bawan Allah ya buɗe tukunyar man birki ya juye.

Ranar tafiya, mata sun cika mota suna guɗa, Kawu ya tsoma yatsa a tukunyar, ya fito da shi baƙi ƙirin.

"Alhaji, iskar bututu na ce maka, ba ta kan tsamiya ba."

Ya kwanta a ƙarƙashin mota ya ce sai dai a bi ta kansa. Ya zubar da man tas, ya wanke bututu, ya bi ƙafa-ƙafa yana fitar da iska, gwaggon ango ce ke taka masa tana tsine masa. Ni ina cikin mayafi ina kukan haushi, wallahi ranar na tsane shi.

Da ya gama, Kawun da ke tsoron shiga mota, wanda ko kasuwar Makola da ƙafa yake zuwa, sai ga shi ya haye gaba kusa da direba da baƙin mai a rigarsa. Innata ta ce, "Yaya, ina kuma za ka?"

"Ni na ɗaure birkin nan. In ya ƙi a gangare, ba zan zauna a Nima a kawo mini labarin Ladi ba."

Idonsa a rufe muka sauka dutsen. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya tsallakar da shi siraɗi lafiya.